Agogo a Kife

Litinin, bakwai da rabi na safe

Bakwai ta wuce, Umma ba ta kira ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kirana bakwai daidai don ta ji ko na karya, sai ka ce ba ni ce mai furfura a goshi ba. Ƙila cajinta ne ya ƙare. Ba zan ɓata safiyar yau a kan wannan ba, don safiyar yau tawa ce.

Jiya da yamma aka nuna kashi na ashirin na shirina mai dogon zango. Tunda littafina ne, babu mai cewa na cika baki: ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba, kuma a tashar nan ban ga wanda ya rubuta ba. Malam Sanyi yana zaune a kujerarsa, ɗansa na tsaye a gabansa yana kuka yana rantse-rantse. Bai ɗaga murya ba, dama bai taɓa ɗagawa ba. Ya kwance agogon hannunsa, ya kife shi a kan tebur, ya ce, "Ban yi fushi ba. Na dai gama da kai." Darakta ya so a saka kiɗa a wajen, na ce ko ƙarar cokali aka saka a cire sunana. Aka bar shirun nan har daƙiƙa goma sha biyu. Tun jiya wayata ke rawa a kan tebur, waɗanda suka manta da ni tun makaranta duk sun tuna lambata.

Mutumin da ya sa aka ɗaure abokin kasuwancinsa a kan laifin da shi ya aikata, wanda ya tsaya yana ɓare lemu direbansa na shure-shuren mutuwa a gabansa, yau shi aka fi so a garin nan. Ni na yi shi, da biro da takarda.

Litinin, uku na rana

An yi mini tafi da na shiga ofis. Na sha mur kamar ban ji daɗi ba.

Darakta ya ja ni ɗakin tace hoto ya rufe ƙofa. Kashi uku na gaba an riga an ɗauka, saura na ashirin da huɗu, na ƙarshe, wanda har yau ban rubuta ba. Tun farko mun yi da shi cewa Sanyi zai faɗi, faɗuwar da kowa zai ce Allah ya ƙara. Yanzu ya canza baki. Wai masu kallo ba za su yafe mana ba, a bar shi da ransa da ƙarfinsa saboda zango na biyu. Na ce masa ni na haifi mutumin nan, ni na san inda zan kwantar da shi. Ya ba ni kwana goma sha bakwai.

A bakin ƙofa na ci karo da Dogo, mai fitowa a Sanyi, yana cin biskit yana kakkaɓe rigarsa. Mutumin da kyankyaso ke kora daga ɗaki, shi mata ke aiko wa saƙo wai idonsa na sa su rawar jiki. Gwaggo ma, mai fitowa a matarsa, ta tare ni da ƙorafinta na kullum. A fitowar jiya an bar ta a bayan kujera riƙe da tiren shayi har hannunta ya sage, me ya kamata a ce tana yi? Na ce ta tsaya kawai, tsayuwar ce aikin. 'Yan wasa ke nan, kowa so yake a ba shi dogon jawabi.

Talata, bakwai da kwata na safe

Ba ta kira ba. Na kira, ta yi ta ƙara har ta katse.

Laraba, goma na safe

Motata na wajen bakanike, na hau tasi. A gilashin baya an rubuta da jan fenti: NA DAI GAMA DA KAI. Kwana uku kacal. Ban gaya wa direban ko ni wace ce ba, na dai tambaye shi me ya gani a jikin mugu irin wannan. Ya kalle ni ta madubi kamar na zagi babansa. Ya ce shi tun fitowar rana yake ba da haƙuri, ga mai motar, ga mai kakin da ke tsaye a mahaɗa, ga fasinjan da ya taka masa kujera da takalmi.

"Hajiya, mutumin nan bai taɓa ce wa kowa yi haƙuri ba," in ji shi. "Awa ɗaya a sati nake zama in ga yadda abin yake."

Na ce to direbansa fa da ya bari ya mutu, ba ɗan'uwanka ba ne a sana'a? Sai da muka wuce fitila biyu sannan ya ce ai wancan direban ma ya cika surutu.

Na yi dariya har ya tsargu. Na rubuta maganar tasa a ɗan littafin da nake yawo da shi. Haka nake aiki tun ina yarinya, ba na ƙirƙirar magana, tsinta nake yi. Duk abin da ya fito daga bakin Sanyi, wani ya taɓa faɗarsa a gabana.

Alhamis, biyar na yamma

Auta ta zo, ko jaka ba ta ajiye ba. Ita ke zaune da Umma tun da aka rage su biyu a gidan. Ta ce ranar Lahadi falo cike yake, maƙwabta sun shigo kallo kamar yadda suka saba. Da aka kife agogon aka faɗi maganar, sai ɗakin ya ɗauki tafi. Matar mai kanti har tana cewa namiji ke nan. Umma ta tashi ta tattara kofuna, ta wanke su, ta shige ɗaki. Tun ranar ba ta ambaci sunana ba.

"Anti, ko kalma ɗaya ba ki canza ba," in ji Auta. "Har agogon."

Na ce mata shekararta huɗu a lokacin, me ta sani in ba abin da aka gaya mata ba. Na ce kowane marubuci daga gidansu yake ɗiba, wanda ya ce ba haka ba ƙarya yake. Kuma shi Baba bai kashe kowa ba, bai sa an ɗaure kowa ba, bai taɓa ɗaga wa ɗayanmu hannu ba. Ma'aikacin ofis ne mai gyara wa maƙwabta fanka kyauta ran Asabar. Agogo da jimla ɗaya na ara, wa ya sani in ban da mu uku? Shekara shida da rasuwarsa, har yanzu sai mun yi magana ƙasa-ƙasa a kansa?

Ta ce ba gardama ta kawo ta ba. Ta tafi ba ta sha ruwan da na kawo mata ba.

Yaya ya fita a ranar da Baba ya kife masa agogon, yana da shekara goma sha tara, bai sake kwana a gidan ba. Sauran ba na rubutawa.

Juma'a, bakwai da minti biyar na safe

Shiru.

Asabar, sha ɗaya na safe

Na ji wata likitar ƙwaƙwalwa a rediyo tana bayani a kan Sanyi. Wai a littattafansu akwai irinsa, mutanen da ciwon wani ba ya taɓa su, ga daɗin baki, ga ƙarya ba ƙifta ido. Ta yi minti arba'in tana mamakin abin da ya sa ake sonsa. Da ta kira ni da na rage mata wahala.

Na ba shi tattabaru. A kashi na farko, kafin ya yi wa kowa komai, an gan shi a kan rufin gida yana ɗaure wa wata fiffikenta da ya karye. Wanda ya fara kayarwa shugaban ma'aikatarsu ne, mai wulaƙanta masu shara, kowa ya ji sanyi a ransa. Na biyu ma ya cancanta. Na uku sai an ɗan yi tunani. Kafin a zo kan direban, mai kallo ya riga ya yi masa uzuri sau bakwai, na takwas ba ya masa wuya. Sannan na sa muna jin abin da yake faɗa a ransa, mu kaɗai, sauran mutanen cikin shirin ba sa ji. Duk wanda ya ba ka sirrinsa ya mai da kai abokin tafiya, ko ka so ko ka ƙi. Na ƙarshe kuma, wanda ya fi duka, na hana kyamara barin fuskarsa. Ko wani ke kuka, shi ake nunawa yana kallon mai kukan. Da wuya ka ƙi mutumin da ka yi sati ashirin kana karantar fuskarsa.

Wannan na ƙarshen ba a makaranta na koya ba. A gidanmu da an ji ƙarar ƙofa fuskar Baba muke fara dubawa, mu san irin yinin da za mu yi. Ni na fi kowa iyawa. Yakan ce a cikin 'ya'yansa ni kaɗai ce mai kai, kuma har yau in na tuna sai na ji na ƙara tsawo.

Baba ma yana da tattabaru. Abu uku ke nan na ara, ba biyu ba.

Lahadi, biyar da rabi na yamma

Na je. Na sayi lemu da sabulun da take so. Ita ta buɗe ƙofa, na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi aiki, ta tambayi hanya. Ta kawo mini shayi a kofin baƙi, mai zanen furen nan da ke cikin kabad. Kofina mai tsagaggen hannu yana nan rataye a kicin, na hango shi daga inda nake. Na yi minti hamsin, mun yi maganar ruwan sama da ciwon gwiwarta. Da na buɗe baki na ce, "Umma, game da shirin nan," sai ta ce shayin zai huce.

Na fito kafin shida, kafin a fara kashi na ashirin da ɗaya. An lulluɓe talabijin da ƙyallen tebur.

Ban yi laifi ba. Ina so in ga an rubuta hakan a wani wuri, shi ya sa na rubuta.

Talata, ɗaya na rana

Wajen likitan haƙori. Ma'aikaciyar jinyar ta ga sunana a kati ta riƙe baki. Ta ce ta tsani Sanyi, wallahi ta tsane shi, amma ranar Lahadi ko aurenta ake ɗaurawa sai an jira ta gama kallo. Bakina cike da auduga na yi mata alamar tambaya da hannu. Ta ce kafin nan ta yi shekara tara a ɗakin masu haɗari, kuma gida ma ita ce mai jinyar kowa. Duk wanda ya yi nishi sai ta ji a ƙirjinta, har ta gaji da zuciyarta. In ta zauna ta ga mutumin da babu abin da ke shiga jikinsa, sai ta ji kamar ta sauke kaya na awa ɗaya.

Ta fi likitar rediyo fahimta nesa ba kusa ba. Na rubuta a ɗan littafina da hannun hagu, na dama tana riƙe da shi tana gwada jini.

Kwana tara yau Umma ba ta kira ba.

Alhamis, shida na yamma

Auta ta dawo. Wai Umma ba ta cin abinci sosai, wai in je in ba ta haƙuri. Na ce haƙurin me, a faɗa mini laifin in ji. Ta ce in ban gani ba ai ba mai iya nuna mini. Daga nan ta ɗauko tsofaffin zance: ni ce 'yar gaban goshin Baba, ni nake gaya masa wanda ya fasa me, ni ce ban yi kuka ba ranar da takardar rasuwar Yaya ta zo. Muryarta na rawa, tawa kuwa ƙara kwanciya take yi. Ina jin daɗin yadda take kwanciya. Na bari ta gama, na ce, "Auta, ban yi fushi ba."

Sai na ga ba fuskata take kallo ba, hannuna take kallo. Agogona na kan tebur. Ban san lokacin da na kwance shi ba.

Ban kife shi ba. Wannan ma a rubuta.

Juma'a, takwas na safe

Na saka agogon a aljihun tebur. Waya ma tana nuna lokaci.

Asabar, biyu na rana

Dogo ya same ni a wajen ajiye motoci, fuskarsa ba daɗi. Wai jiya a gidan mai wani dattijo ya tare shi, ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana murna. Ya ce ya gode, shekara da shekaru yana neman abin da zai gaya wa ɗansa, sai ga shi an ba shi a talabijin. Har agogo ya saya don ranar. Dogo ya ce don kunya ya tsaya aka ɗauki hoto. Ya tambaye ni ko za a iya sa Sanyi ya durƙusa a ƙarshe, ko sau ɗaya, don shi ya samu barci.

Na ce masa mai sayar da wuƙa ba shi ke yanka ba, mu labari muka bayar. Na faɗe shi da kyau har shi ma ya gyaɗa kai. Da na shiga mota na kasa saka makulli a raminsa, sai a karo na uku.

Litinin, sha biyu na rana

Na rubuta ƙarshe iri uku. A na farko an kama shi. A na biyu ya mutu shi kaɗai, tattabaru na yawo a kansa, ya yi kyau ƙwarai, ya yi kyan da zai sa a ƙara sonsa. A na uku ɗan ya dawo, Sanyi ya durƙusa ya nemi gafara. Na karanta wannan da ƙarfi a ɗaki, kunya ta kama ni. Ƙarya ce tsagwaronta, ko yaro ya san bakin nan ba zai iya furta kalmar ba.

Saura kwana uku. Ban taɓa makara da aiki ba a rayuwata, ba kuma a kan wannan zan fara ba.

Litinin, huɗu na yamma

Saƙo daga Auta, babu gaisuwa: "Ta ce ki zo gobe da safe, ki zo da takardun na ashirin."

Talata, uku na rana

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba gyara.

Na same ta zaune a teburin cin abinci, shi dai teburin. Babu shayi yau, ko na baƙi. Ta ce in karanta mata wajen. Na buɗe na fara daga maganar Sanyi, ta ce a'a, abin da na rubuta a kan matar. Na nema, layi ɗaya ne. Na karanta: matar tana tsaye a baya riƙe da tire.

"Sannan?"

"Shi ke nan, Umma."

"Sannan me ta yi?"

Na ce ba ta yi komai ba. Ta tambaye ni ina nake a ranar, na ce a bakin ƙofar kicin. Ta ce me nake kallo. Na so in ce komai da komai, ai ni ba abin da ke wuce ni, sana'ata ke nan. Amma na san amsar, na ce fuskarsa.

Sai ta gaya mini, idonta na kan tebur, kamar mai lissafa kayan wanki. Yaya ya fita ba takalmi. Ta ajiye tiren a ƙasa, ta ɗauki takalmansa a bayan ƙofa, ta bi ta ƙofar baya da gudu ba ko ɗankwali. A tashar bas ta cim masa. Ya ƙi karɓa, sai ta durƙusa a kan titi mutane na kallo ta saka masa su da hannunta, ta ɗaure igiyar. Da ta dawo Baba ya tambaye ta inda ta je, ta gaya masa gaskiya. Shekarar nan da ya yi ba ya mata magana, wadda muka yi ta bin bango a cikin gidan, dalilinta ke nan. Ni duk tsawon nan na ɗauka don ba ta hana Yaya yin abin da ya yi ba ne.

Kwana taran da aka ce mana ta tafi jinyar ƙanwarta kuwa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ba wajen ƙanwarta ta je ba, wajen Yaya ta je, yana kwance a asibiti. Ta gaya wa Baba inda za ta tun kafin ta ɗaura jaka. Ya fara kwance agogo, sai ta ce masa, "Ɗaura abinka, mota ba ta jira." Ta fita.

Na tambaye ta ko ta same shi da rai. Ta ce kwana bakwai, kuma a na shida ya sha shayi rabin kofi. Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da hoton Yaya shi kaɗai a ɗakin asibiti, da shi nake kwana, da shi na zauna na rubuta Sanyi. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce ban taɓa tambaya ba, ni tambayoyina duk a kan babanmu suke.

"Ban damu da kin fitar da shi ba, duniya ta gan shi," in ji ta. "Masu tafin ma ban ga laifinsu ba. Ni ma na yi shekaru ina masa tafi, ya iya shiga rai. Abin da ya kwantar da ni, 'yar da na haifa tana cikin ɗakin nan, ba ta gan ni ba."

Na ce ta yi haƙuri. Ya fito a karkace, ban saba ba. Ta ce ta ji, in tafi in yi aikina. Ba ta raka ni ƙofa ba.

Talata, biyar na yamma

Na ɗauko duka kashi ashirin da uku na bi su da jan biro. Matar Sanyi ta yi magana sau tara. Shida a ciki "ga shayi" ne, biyu "to", ɗaya "sannu da zuwa". Ko suna ban ba ta ba.

Na yi wata shida ina wa masu kallo dariya, ina fasa kai cewa na san dabarar da na kama su da ita. Ashe ni aka fara kamawa, ina shekara goma sha biyar, a bakin ƙofar kicin. Baba ya riƙe kyamarar gidanmu, ni kuma na gaje ta ban juya ta ko sau ɗaya ba.

Tun dawowarta daga tafiyar nan ta fara kirana bakwai na safe. Sai yanzu na haɗa.

Laraba, shida na yamma

Shafi arba'in da ɗaya tun safe. Ban ci komai ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Alhamis, sha ɗaya na safe

Na kai a kan lokaci. Darakta ya karanta a tsaye, ya zauna, ya sake tashi. Kashi na ƙarshe ya koma ranar agogon, amma daga bayan kujera. Sanyi yana can gefe, dishi-dishi, ko fuskarsa ba a gani sosai. Kyamara na kan tire, ta bi shi har ƙasa, ta bi matar ta ƙofar baya har tashar bas. Daga nan ba ta sake komawa kansa ba sai sau ɗaya, lokacin da aka ce masa ya ɗaura abinsa. Bai mutu ba, ba a kama shi ba, bai durƙusa ba. An dai daina kallonsa.

Darakta ya ce za a ci mu ɗanye, an yi sati ashirin da uku ana jiran mutum sannan a ba su tsohuwa da takalmi. Ya ce na kashe zango na biyu. Na ce ga ƙarshe na biyun can mai tattabaru in yana so, amma ya nemi wani sunan ya saka a kai. Na faɗa da ƙarfi, muryata har tana rawa, masu tace hoto suka leƙo. Na ji daɗin rawar. Ya yi ta zagaya ɗakin, can ya ce a kira Gwaggo.

Talata, huɗu na yamma

An ɗauka. Gwaggo ta cire ɗankwali da kanta ba wanda ya ce mata. A tashar bas ta durƙusa a kan kwalta da gwiwoyinta na shekara sittin, ta ƙi a shimfiɗa mata komai. Sau ɗaya aka ɗauka. Mai kyamara ya yi ta goge ido yana cewa ƙura ce. Dogo ya zo duk da ba shi da aiki a wajen, ya riƙe mata lema tsakanin ɗauka da ɗauka.

Da aka tashi ta zo ta tsaya a gabana, ta ce, "Wata shida ina tambayarki." Na ce na sani.

Wannan ya fi na ashirin. Ba cika baki ba ne.

Lahadi, bakwai da rabi na yamma

An nuna. Rabin saƙonnin zagi ne. Wani ya ce a dawo masa da sati ashirin da huɗunsa, wata ta ce marubuciyar ta tsorata da namijin da ta ƙirƙira. Ma'aikaciyar jinyar ta samo lambata, ta aiko da kalma biyu: "Na yi kuka." Uku ne ma. Darakta ya kashe wayarsa.

Daga gida babu komai. Ban san ko an yaye ƙyallen ba, kuma ban tambayi Auta ba.

Litinin, bakwai da minti goma na safe

Bakwai daidai ta yi ƙara. Na bari ta yi sau biyu don kada a ce jira nake.

"Takalman ruwan ƙasa ne," in ji ta, "ba baƙaƙe ba. Kin karya?"

Na ce a'a. Ta yi mini faɗa na minti huɗu, ban katse ta ba.